Leda ta Goma Sha Uku

Sau uku Malamar ɗakin gwaji ta zuba ƙasar leda ta goma sha uku a na'ura, sau ukun kuma na'urar ta nanata mata magana ɗaya: gubar dalma, ninki ashirin na abin da aka yarda da shi a wurin da yara ke wasa.

Sauran ledoji goma sha biyun ba su ba ta mamaki ba. Daga unguwar da ke bayan tsohon wurin fasa batir aka ɗebo su, dama ana zargin haka. Amma ta goma sha uku ita ce ta kwatance. A ƙa'idar aikinsu, duk ranar da aka ɗebo ƙasar da ake zargi, sai an haɗa da leda ɗaya daga wuri mai tsabta, can kan tudun bayan gari inda ba gida ba bola, don a ga bambanci. To ga mai tsabtar ta fi kowace dauɗa.

Ta wanke kwalabe, ta sake saita na'ura, ta duba lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ba kuskure. Baba Mai Shebur, tsohon da ke ɗebo musu samfur, bai taɓa haɗa lamba da lamba ba, ko da yake gwiwa ta sa shi gaba bana. Ranar Asabar ma, da ya tarar ofis a kulle, har gida ya kai mata ledojin tana kasuwa.

Ta juye ragowar ƙasar a rariya. Ja ce, mai laushi. Ta tudu kuwa fara ce mai tsakuwa, ta san ta kamar yunwar cikinta. Tana girgizawa sai ga ɗan dutsen roba ruwan ɗorawa, irin wanda ake sa wa yara mata a kitso.

Ashe akwai yarinya a wurin.

Ta jawo takardar lissafin da ta cika sau ɗari ba ta ji komai ba. Yaro mai shekara uku, nauyinsa kaza, ƙasar da yake haɗiya a yini ta yatsu da farce kaza, a ninka da kwanakin shekara. Amsar da ta fito ta sa ta ajiye biro. Dalma ba ta kuka ba ta wari. Ciwon ciki take fara sawa, sai ƙin abinci, sai magana ta yi nauyi, kuma abin da ta ci a ƙwaƙwalwa ba ta mayarwa.

Wayarta ta yi ƙara. Surukarta ce, wai Auta, ƙaramar 'yar Malama, ta sake ture kwanon abinci, tana riƙe da ciki.

"Tsutsa ce, Inna. A ba ta maganin da ke kan firji, ina tafe."

Ta kashe wayar cikin takaici, ba na Inna ba, na wata uwa da ba ta sani ba. Wace irin sakarya ce za ta saki 'ya tana birgima a ko'ina? Malama mace ce da ba a shiga mata falo da takalmi. Bara da ruwa ya kwanta a tsakar gidanta, ba ta bar maigida ya sha iska ba sai da ya samo tifar ciko daga wani tsohon fili da ake sharewa, don kada Auta ta taka caɓi. Amma wasu iyayen, haihuwar kawai suka iya.

Ta aika a kira Baba. Ya shigo yana jan ƙafa, hula a hannu.

"Baba, wannan ba ƙasar tudu ba ce."

Ya dubi rariya, ya dubi ƙasa.

"Ba faɗa zan yi ba, ba kuma zan kai ka gaba ba. Amma duk inda ka ɗebo ta akwai yarinya, kuma yau ɗin nan sai an ɗauki jininta an gwada. Kowane yini da ta ƙara a wurin, cutar ƙaruwa take. Ka faɗa mini gidan, ni zan je in sami uwar da kaina."

"Ba kyau ne, Malama?"

"Ta fi ta bakin wurin fasa batir muni."

Tsoho ya nemi kujera bai samu ba, ya dafa teburi.

"Wallahi gwiwar nan ce ta hana ni hawa tudu," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Da na kai miki ledojin ranar Asabar, sai na ce a raina duk garin nan ina ya kai gidan Malama tsabta? A ƙarƙashin lilon Auta na ɗiba."