Tabon Ɗanasabe

"Wannan ai ƙaho aka yi maka!" in ji gwaggona Marka da na ɗaga riga. Kowa ya tuntsire da dariya.

Aikin dajin hanji aka yi mini. Likita ya yi 'yan huji a cikina, ya zura na'ura, ya yanke inda ya lalace, ya haɗe hanjin tun daga ciki. Na dawo Bakori da ƙafata, ko kunu ba wanda ya kawo mini.

Amma maƙwabcina Ɗanasabe, da aka farke shi har mara kan ciwo iri ɗaya? 'Yan dubiya har layi. Samari suka yi masa gayya, suka nome masararsa tas. Ni ina duƙe a tawa gonar ina cizon yatsa.

Na same shi na ce, "Mai tabo, kana shan gata!"

Na zauna kusa da shi. Can cikina ya juya, na miƙe. "Bari in zaga."

Ya riƙo hannuna, ya yaye rigarsa. Leda ce manne a gefen cikinsa.

"Ni ba a haɗa nawa hanjin ba, Zakariya, a ledar nan nake bayan gida. Kullum ina kallonka ta katanga kana zagawa da buta. Karɓi gayyar, ka ba ni butar."