Jinin Rago a Rigar Ya'u

Yelwa ta tsaya a ƙofar makarantar Gumel, ta kasa ɗauke ido daga rigar saurayinta Ya'u, wadda jinin rago ya jiƙa sharkaf.

"Wasa ne fa," in ji shi, yana murmushi. "Sarkin aljanu ne zai sare ni. Mutanen talbijin na Kano sun ce sai da jini 'yan kallo za su yarda."

Ta tuna ranar da aka kawo gawar yayanta, ɓarayin shanu sun sassare shi. Ita ta wanke rigar.

"Sun tafa maka?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta zare zoben alkawarin da ya ba ta, ta danƙa masa.

"Da ruwan sanyi za ka wanke. Na zafi ba ya fitar da shi."