Mabukatan Sarah

Baba Ɗanlaraba ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya zauna a kujerar gaba, ya bi mutanen teburin da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba ruɓaɓɓen tumatir.

Kowace Lahadi in an tashi daga sujada, Sarah mai kayan miya a kasuwar Mont-Bouët takan dafa shinkafa da kifi ta ciyar da mabukata a gidanta da ke unguwar Nkembo. Shi kuwa roƙonsa ta yi ya riƙa zuwa yana sa albarka, don dattijo ne a ikkilisiya, tsohon akawu a Owendo. Tun da kamfanin katakon da yake wa aiki ya rufe, wannan ne kaɗai abincin kirki da yake samu a mako. Amma gara ya mutu da a sani.

Mabukata, wai! Dubi Ahmadou, ƙaton bakanike daga Oloumi, wuya kamar na bijimi. Dubi Nafiou, fata sumul, sai ƙamshin turare. Ba kunya ba tsoron Allah, sun zo cin rabon marayu. Ga kuma iyayi: mutum ya zo cin sadaka yana tsakurar abinci kamar baƙon surukai! Abin yana ƙona wa Baba rai ƙwarai.

Ya yi addu'a mai tsawo, ya cusa zancen malalata a ciki, ya rufe da sunan Yesu. Sannan ya share faranti biyu, don kada a ce ya raina girkin.

"Baba, taimake ni ka tafi da sauran nan," in ji Sarah, tana miƙa masa kwano a leda. "Firjina ya lalace."

Ya karɓa yana yatsina. A bakin ƙofa ya ja ta gefe, amma bai rage murya ba.

"'Yata, ki buɗe ido. Waɗannan ƙattin cutar ki suke yi. In na sake ganin bakaniken nan a teburin nan, ni da gidan nan har abada."

Nan take ya yi nadamar abin da bakinsa ya furta, amma ya fice yana taku ɗai-ɗai.

Bai kai bakin titi ba ruwa ya ɓarke. Ya juyo don ya ari lema. Yana isa gindin taga ya ji muryar Ahmadou.

"Haba Madam! Na rufe gareji, na ci na ƙoshi a gidana, na zo nan ina tura shinkafa dole, kuma a zage ni a cikin addu'a? Har yaushe?"

"Ku yi haƙuri, 'yan'uwana, don Allah kada ku fasa zuwa," in ji Sarah. "Mutum ɗaya tak nake ciyarwa a gidan nan, kuma ba zai kai loma baki ba sai ya ga waɗanda zai raina."