Tutar Ƙofar Kallamu

Da 'yan banga suka fara ƙona gidajen 'yan adawa, Nababa ya kwashi iyalinsa suka ratsa gonar gero. Mafakarsu ɗaya ce, gidan maƙwabcinsa Kallamu, ɗan ga-ni-kashe-nin jam'iyyar gwamnati. Shekara uku Nababa yana jan hankalinsa ya sauya sheƙa zuwa adawa, ko gezau.

Suka shiga ta dangar baya.

"Gara da ka ƙi jin maganata," in ji Nababa yana haki. "Tutarku da ke ƙofar zaure ce za ta cece mu."

Kallamu ya sunkuyar da kai. Ihu yana matsowa.

"Malam Nababa, maganarka ta jiya ta shige ni. Da hantsi na sauke ta, na kafa taku."