Walƙiya da Rani

Karo na uku ke nan Munzali na zama a bencin asibitin ido a Daura, kati ya jiƙe da gumi a hannunsa. Ranar farko likita ba ta zo ba. Rana ta biyu aka tashi kafin layi ya zo kansa. Ya koma Baure da yamma liƙis, don ya ƙi hawa mashin, sai da ya jira mota ta cika. Yau ya rantse ko rufe ƙofa za a yi, sai dai a rufe da shi.

Yana zaune yana shafa wata 'yar kwalba a aljihunsa aka kira sunansa.

Ya zayyana wa likita komai tiryan-tiryan, kamar mai biya hadda. Baƙaƙen ƙudaje na yawo a gaba, a kore su ba sa koruwa. Sai walƙiya a gefen ido, ga shi rani ne, ko gajimare babu. Daga baya wani abu kamar labule ya fara rufowa daga gefe.

"Wane idon?"

"Na hagu," ya ce, ya ɗora yatsa a kan na dama.

Ta dube shi, ta ɗiga masa magani a duka biyun. Ya zauna rabin awa, fuskokin mutane na narkewa a gabansa. Sannan ta haska fitila, ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Malam Munzali, idonka ƙalau yake. Ko ɗigo babu."

Ransa ya ɓaci. Zarya uku, ba wannan ya zo ji ba.

"Haba likita! Ni tambayata, mai ganin abin nan me ke damunsa? Da magani ko babu?"

Ta ajiye biro. Ta ce wani lokacin shekaru ne kawai. Wani lokacin kuwa wata siririyar fata ce can bayan ido take yagewa. In labulen ya gama rufewa, gefen nan ya tafi. Ko me ya taho ta nan, mutum ba zai gan shi ba.

"In an kawo mutum tun yana ganin ƙudajen fa?"

"Sau da yawa ana liƙe ta, da yardar Allah. Shi ya sa muke cewa kar a jira."

Ya miƙe. Ya yi godiya, ya fita.

A waje rana ta soki idanunsa, hawaye suka zubo. Masu wucewa suka ɗauka maganin ne. Ya ciro kwalbar ya riƙe. Ragowar maganin ƙudan da ya yayyafa wa ɗakin Inna ne, ranar da ta tsaya a gabansa tana nuna masa idonta na hagu, ya yi dariya ya ce, "Walƙiya da rani, sai ke Inna," sati uku kafin mashin ya fito mata ta hagu a bakin kasuwa.