Duk Sakan Talatin

Amiru Agali ya taɓa bakin wata siririyar wayar lantarki a jikin wani ƙarfe, ya ɗaga, ya fara ƙirga. In ya kai ashirin da biyar sai ya sake taɓawa. Tun ƙarfe goma na safe yake haka, durƙushe a wani ɗan lungu na bayan wani asibiti mai zaman kansa a Dakoro, lungun da ko ƙafa ba ta miƙuwa a ciki.

Gyaran kayan sola ne sana'arsa. An kira shi ne saboda na'urar da ke ba jarirai iskar numfashi tana ta mutuwa tana tashi. Yana buɗe ta ya gane. A cikinta akwai wani ɗan guntu da bai kai ƙwayar wake ba, masu sana'ar suna ce masa kare. Gadi yake yi: duk sakan talatin sai ƙwaƙwalwar na'urar ta aika masa alamar tana nan da rai. In bai ji ba, sai ya kashe komai ya tayar daga farko. Ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, hanyar saƙon ce ta ƙone, shi kuwa kare bai san wannan ba. Kowane tashi kuma sai ya ci minti huɗu kafin iska ta dawo.

Ba a cire karen sai an kashe na'urar. Tulun iska na ajiya kuwa ya ƙare tun jiya.

"Bakwaini ne, yau aka haife shi," in ji Madam A'ishatu ungozoma, wadda ta shigo da Amiru ta ƙofar baya. "Ba zai jure minti huɗu ba." Ba ta dubi idonsa ba. Ta miƙa hannu. "Kawo salularka, kada ta raba maka hankali."

Aka tura direba Maraɗi neman wani tulun. Shi kuma Amiru ya zauna yana aika wa kare saƙon da hannunsa.

Rana ta take, kwano ya ɗau zafi. Gumi na shiga masa ido ba damar sharewa sosai. Ƙafar hagu ta yi sanyi, ta mutu. Aka kira azahar, yana ji yana ƙirga. Sau ɗaya ƙuda ya sauka masa a leɓe, ya kore shi, lissafi ya ɓace, ya yi maza ya kai wayar jikin ƙarfen. Na'urar ta ci gaba da gurnaninta. Ya sake fara ƙirga daga ɗaya.

Yau ya yi alkawarin zuwa Kornaka, inda matarsa Hamdiya ke gidan iyayenta, haihuwa sai bayan girbi. Yanzu tana can tana duban hanya, ga shi a tsare saboda ɗan wasu. Ta bango yake jin muryoyin mata ƙasa-ƙasa, amma ba wanda ya leƙo sai Madam. Ita ta kafa masa kofi a baki ya sha.

"Madam, wai ina uban yaron nan? Ko sannu ba zai zo ya ce ba?"

"Yana wurin aiki," ta ce, ta fita.

La'asar ta wuce. Yatsunsa suka ƙage, ya koma riƙe wayar da hannu biyu. Ya daina tunanin Kornaka, ya daina tunanin komai. Ashirin da huɗu, ashirin da biyar.

Can ya ji tsayuwar mota, ya ji ana gungura ƙarfe mai nauyi a kan siminti. Bai yarda ya ɗaga kai ba. Ya taɓa wayar sau goma sha ɗaya kafin Madam ta tsaya a bakin ƙofa.

"Saki, Malam Amiru. An haɗa tulun."

Hannun ya ƙi buɗuwa, sai da ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya zube ya jingina da bango.

"Ya rayu?"

"Ya rayu." Ta ajiye masa salularsa a cinya, karon farko ta dube shi sosai. "Tashi ka wanke hannu. Tun asuba aka kawo Hamdiya daga Kornaka, ta ce ka zo ka yi wa ɗanka huɗuba."