Garwashin Jiya da Gadar Bana

Ƙanena, ka ce aikin ya ƙi, za ka share komai ka sake daga farko. Dakata ka ji wani misali. Ni karatuna bai yi nisa ba. Daga bakin ɗana na ji shi, Allah ya jiƙansa, kuma yadda ya ba ni haka zan ba ka.

Wani injiniya ne aka tura wani ƙauye ya yi musu gada. Kogin garin da rani yashi ne zalla, amma da damina ta sauka sai ya raba mutane da asibiti, mai naƙuda sai dai a sa ta a kwalekwale ana addu'a. An gama zane, an haƙa ramuka, sai rodin da aka kawo ya zo siriri, bai kai wanda aka tsara ginshiƙin tsakiya da shi ba, kuma babu wani a kusa. Dole a sake tsarin ginshiƙin, a tabbatar zai ɗauki mota da kayanta. Injiniyan yana da manhaja a kwamfutarsa wadda ke yanka hoton gadar gutsi-gutsi kamar idon raga, ta lissafa nauyin da kowane ɗan yanki zai ɗauka da wanda zai tura wa maƙwabcinsa. Aikinta ba ya ƙarya, sai dai tana da nawa. In ya canza kaurin ginshiƙin ya tayar da ita da hantsi, ba ta amsawa sai la'asar sakaliya, amsar kuma ta ce bai yi ba. Shi kuwa mutum ne mai son tsabtar aiki, sai ya goge komai tas, washegari ta sake lissafa gadar tun daga wannan gaɓa har waccan. Magina na kwance a inuwa suna kallonsa, hadari kullum yana haɗuwa a gabas. In ruwa ya riga shi shiga ramukan nan, gada sai baɗi.

Wata safiya yana zaune a gidan tsohuwar da ya sauka wurinta, an ajiye masa koko, ya kasa sha. Sai ga maƙwabciya ta shigo da tsingaro a hannu ɗiban wuta. Tsohuwar ta sa kara ta ture tokar murhu, ga garwashin jiya jajir yana kwance. Maƙwabciyar ta ɗiba ta fita, ita kuma tsohuwar ta ɗora karare, ta hura sau ɗaya, wuta ta kama bal. Ya sha ganin wannan tun yana yaro, amma ranar sai ya miƙe zumbur har ya shure kwanon kokon. "Iya, ashe ni ne nake kashe wutata kullum!" Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, garwashi ne fa, ba zinariya ba. Wa zai biya ni kokona?" Bai tsaya ba, ya nufi kwamfutarsa. Ginshiƙi ɗaya yake canzawa, sauran gadar tana nan yadda take, to don me na'ura za ta riƙa sake lissafin abin da ta riga ta sani? Allah ya taimake shi, wannan karon bai goge aikin jiya ba. Ya umarce ta ta adana lissafin sassan da ba a taɓa ba, ta yi aiki a kan ginshiƙin kaɗai, ta tashi daga inda amsar jiya ta tsaya. Bai yarda da ita haka nan ba, sai da ya fara ba ta gwajin da ya riga ya san amsarsa. Kafin ya gyara zama ta kawo, daidai da ta jiya! Ya yi kabbara har kaji suka watse. Ya ƙara kauri, ta ce da saura. Ya matso da rodi, ta ce an kusa. Abin da ke cin wuni guda ya koma kamar ɗaura ɗankwali, kafin azahar ya gwada tsare-tsaren da da sai ya shekara bai gama ba, ya dace da wanda ya tsaya daram. Ya fita a guje ba takalmi yana kiran magina, aka hau kwaɓa siminti da waƙa. Ranar da kogi ya kawo, ginshiƙin ya riga ya bushe, ruwa ya zo ya daki ƙirjinsa ya rabe biyu ya wuce. A daminar nan mai naƙuda a mota ta haye.

To ka ji. Kafin ka share, tona tokarka ka gani tukuna. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.